Keken Ɗinkin da Ya Ƙi Gyaruwa

Umma na zaune bakin gado tana sake ninke kayan da ta riga ta ninke da safe, don dai hannu ya samu abin yi. Ta taga tana jiyo ƙwanƙwasar Abba daga shagon ƙofar gida, inda yake gyaran kekunan ɗinki. Can yake wuni yanzu, can yake cin abinci. Tun ranar da yayarsa Gwaggo ta raɗa masa wai Umma na yawo gidajen mutane tana cewa don tausayi ta aure shi, maganarsu ta koma "ga shi" da "to". Ta rantse, bai saurara ba. Ta so tunkarar Gwaggo, ta tuna girmanta, ta haɗiye.

Auta, ƙaramar 'yarsu da ke karatun adabi a jami'a, ta faɗo ɗakin ta yar da jaka.

"Umma, na shiga uku! Lakcara ta yaga labarina. Wai na kwaso soyayyar littattafai, kowa da mota, kowa da gidan sama. Ta ce marubutan da muke karantawa a ɗakunan iyayensu suka fara ɗibar labari. To ya kuka haɗu da Abba?"

"Ke, ba ki da kunya?"

"Maki ne fa, Umma!"

Da ƙyar ta faɗa mata, idonta a ƙasa: keken mahaifiyarta ne ya riƙa tsinke zare, ta kai masa, ya kasa gyarawa, ta yi ta komawa.

Auta ta rubuta a wayarta, ta fita shago. Jim kaɗan ta dawo tana dariya.

"Abba ya ce ƙarya ne, shi bai taɓa kasa gyara keke ba! Wai ke ce ba ki iya saka zare ba."

Umma ta ɗago kai. Ashe ya saurara?

"Ni? Je ki ce masa wa ya koya wa ƙannensa ɗinki?"

Haka aka wuni ana aiken Auta. Washegari ma haka. Ya ce mayafinta shuɗi ne ranar da suka haɗu, ta ce kore. Umma ta samu kanta tana kasa kunne ga takun yarinyar kamar budurwa mai jiran saƙo, sannan in ɗakin ya yi shiru, kaɗaicin ya dawo ya fi na da nauyi.

Labari ya kai kunnen Gwaggo, ta zo har tsakar gida.

"Abin da kika tura Auta ta koyo ke nan? Tona asirin ƙanena a takarda? Sai ki sa ta rubuta har da manyan mutanen da kika ƙi kika taimaka masa!"

Sai da Gwaggo ta fice hawaye suka ɓalle wa Umma.

"Goge shi, Auta. Ba na son fitina."

"Akwai su da gaske, manyan mutanen?"

"Akwai. Babana ma su ya so. Na ce in ba mai gyaran keke ba, a bar ni in tsufa a gida. Masu gyara nawa na wuce a layinmu, ɗauke da keken nan a ka, kafin in kai shagonsa? Tausayi ne ke ɗaukar wannan nauyin?"

Auta ta share mata ido ta fita. Umma ta ce kar ta kai wa Abba maganar, amma muryarta ba ta da ƙarfi.

Ƙwanƙwasar shago ta tsaya. Shiru ya yi tsawo har Umma ta fara salati, tana cewa shi ke nan, ta ƙara ɓata lamari.

Sai labule ya ɗaga. Abba ne, hannunsa duk baƙin mai.

"Yarinyar nan ba ta iya ɗaukar saƙo," ya ce, bai kalle ta ba. "Rabi take kawowa. Matsa in zauna, a gyara labarin nan daga farko."

Ta matsa, ya zauna.

"Auta, kawo min abincina nan. Kuma ki rubuta shuɗi ne."

"Kore," in ji Umma, tana dariya tana kuka.

'Yan mata, ku riƙe wannan: maganar da aka kawo daga waje ba a rama ta da baki. Ku yi haƙuri, ku tsare girman dangin miji, gaskiyarku za ta samu mai kai ta inda muryarku ta kasa zuwa.