Abin da Mai Kitso Ta Gani

A wani gari can da, an yi wata budurwa da saurayinta kan fizgi gashinta in ya ga ta gaisa da wani. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran nan ta je kitso. Tsohuwa mai kitso na tsefe kan, sai ta ga inda gashi ya tuge.

"'Yar nan, wa ya yi miki haka?"

"Saurayina ne, Iya. Wai so ne ya yi masa yawa."

"To, ni ma ina jan gashinki. In kin ce wayyo, me nake yi?"

"Kina sassautawa."

"Shi fa?"

Da budurwa ta koma gida, ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta zame ɗankwali, ta ce, "Inna, duba nan."