Wa Ya Kashe Murjanin Marigayiya?

Sufeto ya tarar da ruwan tankin gilashin ya yi fari fat, kamar an kwara masa madara. Murjanin teku mai rai da ake kiwo a ciki duk ya kwaile, sai ƙashi.

"Na matata ne, Allah ya ji ƙanta," in ji mai gidan, wani injiniya, idonsa a ƙasa. "Ƙanwarta ce ta zuba guba. Ta ce in ba ta tankin, na hana."

Sufeto bai tsawaita bincike ba, ya sa aka kai ta bayan kanta. Kukanta ya bi shi har ofis: "Yallaɓai, ni zan kashe abin da Yaya ta kiwata?" Abincin rana ya gagare shi.

Ya ɗebi ruwan da reshen murjani ɗaya, ya kai wa mai sayar da kifin ado. Mutumin ya gwada, ya girgiza kai.

"Babu guba. Da abu biyu murjani ke gina ƙashinsa: sinadarin kalsiyam, da ruwan soda mai hana tanki yin tsami. Ɗiga su ake yi kaɗan-kaɗan, kowane da lokacinsa. Wani ne ya juye su tare, suka koma alli."

"Da mugunta?"

"Ko da ruɗewa. Wannan reshen ai ya daɗe da mutuwa. An jima ba a kula da tankin nan ba."

Sufeto ya fice da sauri. Ya koma gidan, ya sa Kofur ɗin da ke tare da shi ya ɓalle durowar da ke ƙarƙashin tankin. Ga jarkoki biyu na kalsiyam da ruwan soda, babu ko ɗigo.

"Wa ke riƙe da makullin?" ya tambayi Injiniya.

"Ya ɓata. Ni ko taɓa ruwan nan ba na yi."

"Miƙo hannunka."

Farin alli ya bushe a igiyar agogonsa. Injiniya ya kalle shi, ya sulale kan kujera.

"Tun da ta rasu na kasa shiga ɗakin nan," ya ce. "Ranar da ƙanwarta ta ce ina kashe amanar yayarta, na duba, na ga gaskiya ne. Na juye duka don in gyara. Kafin in ankara ruwan ya juya. Na kasa cewa ni ne."

"Sai ka ɗora wa baiwar Allah, ni kuma na taya ka. Tashi mu je, ƙarar ƙarya laifi ce."

A caji ofis Sufeto da kansa ya buɗe wa ƙanwar marigayiya ƙofa.

"Ki yafe ni, na yi gaggawa."

Ba ta ko dube shi ba. Ta tsaya gaban mijin yayarta, idonta jawur.

"Da ka kira ni. Ai Yaya ta koya mini yadda ake yi."

Injiniya ya rufe fuska da hannu biyu. Kofur ya kama kafaɗarsa, ya shige da shi ciki.