Hatsin Rumbun Hajiya Mero

Nasiba na durƙushe a tsakar gidan Hajiya Mero a Filinge, ta zo gaisuwar hutun farko, bakinta ya jawo mata abin da ta yi wata uku tana kuka a kansa. Hajiya Mero ita ce mahaifiyar Kailu, malamin firamare a Damana, wanda duk unguwa ta san bayan babbar Sallah kawunnansa za su kai goron sa rana gidan su Nasiba. Tsohuwar na son yarinyar. Da aka ce kowane ɗalibin noma ya je jami'a da irin hatsin gidansu, su Nasiba kuwa ba su da gona don mahaifinta tela ne, Hajiya da kanta ta zaɓo mata zangarniya biyar daga rumbunta.

"To ɗiyata, ƙaƙa zaman Yamai? Wa ke dahwa muku abinci?"

Nasiba ta saki baki kamar an kunna rediyo. "Inna, mu 'yan shekarar hwari an haɗa mu gida guda, mu goma sha biyu, duk mata. Tare muke karatu, tare muke bita, ga 'yar gonar gwaji bayan gida. Kowa na kawo hatsi daga garinsu a juye buhu guda, a yi girki bi da bi. Ɗakina ni da wata Haske, 'yar wani ƙauye bayan Tabla."

Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Bayan Tabla? Mutanen nan da ba su aje bori ba?"

"Tsohonta dai na yi, Inna, amma ita—"

"Ba su buɗe rumbu sai sun zuba jini gindinshi. Wanga hatsi kike ci, kuma da wanga ciki za ki ɗauko mini jika? To ji nan. Ki raba tukunya da yarinyar nan, in ba haka ba goro ba shi hita gidan ga."

Kailu ya raka ta har bakin lungu yana sosa ƙeya. Mutum ne da ke tsawata wa yara sittin a aji su yi tsit, amma gaban uwarsa ko tari sai ya nemi izini.

"Yaya Kailu, kana zaune ba ka ce komi ba."

"Ki yi haƙuri, Nasiba. Ki sayi 'yar tukunya taki, mi za shi rage miki?"

"Dokar gida ce. Wadda ta hita tukunya ta hita gida. Ka san ko ɗaki nawa ne babu kowa a site, gidan kwanan ɗaliban jami'a? Ko guda. In na rasa gadon nan ina zan zamna in yi karatun?"

"Ki dai yi haƙuri."

Haƙurin nan ta riƙa ji a salula safe da yamma, har ta tsani kalmar.

Da ta koma Yamai sai ta yi dabara irin ta wanda ya rasa mafita. Ta sayi ƙaramar tukunya da taliya, ta ce likita ya hana ta cin hatsi saboda ulsa. Sauran 'yan mata suna zagaye da kwano ɗaya suna shewa, ita tana kusurwa tana tura taliya ba mai ba daɗi. Abin haushi, ranar girkin Haske ne tuwo ya fi yin kyau, ƙanshin miyar kuka ya bi Nasiba har ɗaki.

Haske ta lura da komai. Yarinya ce doguwa marar yawan magana, wadda ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, da karatun fitilar hannu, kuma ita ce ke zaunar da Nasiba ta warware mata lissafin taki duk lokacin da ya cushe mata. Ba ta fasa ba. Sai dai ta daina kiran ta ƙawa, ta koma Nasiba zalla, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Sati uku ana haka Madam Balkisa, malamar da ke zaune tare da su tana lura da gidan, ta kira ta ofis.

"Ina takardar likitan?"

Nasiba ta sunkuyar da kai.

"Ba don a rage kuɗin icce aka haɗa ku tukunya guda ba. Gobe ƙauyukan nan za a tura ku, ku koya wa manoma, ku koya wurinsu. Wadda ba ta iya cin tuwon manomi, wa zai ji maganarta? Ki koma kwano, ko ki ba wata gadon."

Ta fito idonta fal hawaye, ta tarar da Haske tana ban ruwa a gonar gwaji. Nan ta zayyana mata komai, tana magana tana sheshsheka.

"Ni na sani tun ranar hwari," in ji Haske. "Mai ulsa ba ta cin yajin tonka kamar yadda kike ci. Tsohona na yanka, gaskiya ne, ban ɓoye ba. Amma hatsin, ruwan Allah ya sha kamar na kowa."

Ranar nan Nasiba ta yi bisimilla ta sa hannu a kwano. Sannan ta kira Kailu ta gaya masa, don ba ta son aure da aka ɗora a kan ƙarya. Bayan kwana biyu ya bugo da murya kamar ta marar lafiya, ya ce Inna ta aika wa kawunnansa su dakata da maganar goro.

"Kai kuma mi ka ce?"

"Na ce mata ta yi haƙuri."

Nasiba ta kashe wayar ta kifa kai a kan littafi. Tana son Kailu, so na gaske, tun suna yara yake gyara mata kuskuren rubutun dikte na makaranta. Abin da ke cin ta shi ne ba ta da wanda za ta yi faɗa da shi: Hajiya uwa ce, Kailu ba ya musu, Haske ba ta yi laifi ba. Mahaifiyarta ma da ta ji, cewa ta yi, "Ke da kika samu miji, tuwo ne zai raba ki da shi?"

Ana nan hatsin gwaji ya fitar da kai. Kowace ɗaliba na da layinta da allon sunanta, layin Nasiba kusa da na Haske. Sauran layuka wani dogo wani gajere, wani ko bunni bai yi ba, amma waɗannan biyun rana ɗaya suka yi ciki, rana ɗaya suka fito, tsayi ɗaya, zangarniya gajera mai kauri da ɗan ja a baki. Haske ta daɗe tana murza ɗaya a tafin hannunta.

"Ina kika samo wanga iri?"

"Rumbun Inna Mero."

"Wanga ɗan saba'in ne, mai nuna cikin kwana saba'in. Kakana ya zaɓe shi, tsohona ke riƙe da shi. Ban san wani gida da ke da shi ba sai wanda ya ba."

Nasiba ta gane inda irin Hajiya ya fito. Da ta bi son zuciyarta, a take za ta kira Filinge ta jefa maganar a fuskar tsohuwa. Amma ta san wanda aka kunyata ba ya saukowa, sai ta haɗiye. Dama aikin hutun zafi da Madam Balkisa ta ba su shi ne abokan ɗaki su tafi tare, su bi asalin irin kowane gida daga bakin masu shi.

Suka sauka Filinge da hantsi, rana kamar ta fasa kai. Haske ta tsaya a ƙofar zaure ta ce ba ta shiga gidan da ba a son ta. Nasiba ta shiga ita kaɗai da littafi da biro, ta durƙusa.

Hajiya ta amsa gaisuwar a daƙile. Amma da ta ji tarihin hatsinta ake tambaya, har za a rubuta a jami'a, sai fuska ta sake, don ba abin da take alfahari da shi kamar rumbun nan.

"Rubuta. Shekarar da baban Kailu ya rasu, hwari ya zo, munka cinye har iri. Ruwa ya sauka ba ni da ƙwaya guda ta shibka. Na tahi kasuwa da zanen aurena in saida, na zamna ina kuka. Wani mutum mai jaki ya dube ni, ya sauke dami ukku gabana, ya ce in mai da zanena. Ko dala bai amsa ba. Da hatsin nan na ciyar da Kailu har ya zama mutum."

"Sunanshi, Inna? Madam ta ce a rubuta suna."

"Ɗangoma. Har in mutu ba ni mance shi."

"Na wane gari?"

"Can wani ƙauye bayan…" Sai ta tuna garin su Haske.

Nasiba ba ta ɗaga kai ba, hawayenta na ɗiga a kan takarda. "Inna, ɗiyarshi na ƙohwar gida cikin rana. Ta ce ba ta shigowa."

Hajiya ta dubi rumbun, ta dubi ƙwaryar furar da aka dama mata da safe.

"Ranar nan ban tambaye shi ko yana salla ba," ta ce a hankali. "Shekara ashirin da biyu ina ci."

Ta miƙe da kyar, ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta nufi zaure ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Nasiba ta bi ta a baya.

"Ɗiyar Ɗangoma, shigo. Na yi miki ba daidai ba." Ta kurɓa, ta miƙa wa Haske ludayin. "Sha. Hatsin tsohonki ne, ba baƙonki ba ne."

Haske ta karɓa ta sha.

Sai ga ƙarar moto. Kailu ne a kan babur ɗinsa daga Damana, ya yi kwana uku yana haddace jawabin da zai tsaya ya yi wa uwarsa. Ya cire hula ya ce, "Inna, yau kam sai na yi magana—"

"Ka makara," in ji Hajiya. "Tahi ka ce ma kawunnanka su sayo goro."

Bayan Sallah aka sa rana, aka yarda biki sai Nasiba ta gama shekararta a gidan 'yan shekarar farko. Da damina ta kusa, Hajiya ta aika wa Ɗangoma dami uku da turmin zane. Haka haƙuri yake, yana da ɗaci amma ba ya zubar da mutuncin kowa. Kuma kafin mutum ya ƙyamaci tukunyar wani, ya fara tambayar inda aka samo irin da ke rumbunsa.