Gurgun Tsiro a Gaban Mota

A bakin kogin Huon suka fara haɗa ido, ranar da matasan garinmu suka fita dashen itatuwa. Jikata Tamsin tana durƙushe tana haƙa rami, sai ga wani dogon yaro da gajeren wando a cikin sanyin Agusta, lokacin hunturunmu a nan, haƙoransa na kaɗawa.

"Kai kuma daga ina aka kwaso ka?" in ji ta.

"Daga Cairns, garin zafi da ayaba. Rohan sunana. Mu can ko bargo ba mu sani ba."

Ta cire hularta ta kifa masa a kai. Shi ke nan, an gama da ita.

Ni ne Clarrie Woolley, kakanta, ni na raine ta. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin takardun iri na koyi karatu, kuma duk kwarin nan ba mai digirin da ya kai ni sanin ƙasa. Gobarar dajin shekarar sittin da bakwai ta cinye gidanmu da uwata a ciki. Na fito da ƙonanniyar riga da ƙullin irin tumatirinta a aljihu. Tun daga ranar nake shuka shi, kafin Rohan ban taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba.

Brodie na so ta aura, ɗan maƙwabcinmu mai gonar tuffa. Ba ta bukatar izinina, amma ta rantse ba za ta shiga coci ba sai hannunta na cikin nawa. Da wannan na riƙe ta.

Da Rohan ya zo gaishe ni a Satumba, na miƙa masa tsiron tumatirin nan goma sha biyu.

"Kawo mini nunanne ɗaya kafin Kirsimeti, in kai maka ita da kaina." Na ɗora masa wani gurgun tsiro mai ganye biyu. "Ga gyara. Kamarku ɗaya."

Ko jariri a nan ya san ba a dasa tumatir sai Ranar Baje Koli ta Hobart ta wuce, ƙarshen Oktoba. Kafin nan rana yaudara take. Na ja Tamsin gefe na ce, "Kika buɗe baki, ba ni ba aurenki."

Saƙonninsu ta nuna mini daga baya don in ji kunya. Ban ji ba.

"Zumata, na dasa su yau. Kin ga rana kuwa? Fara zaɓen riga."

"Ɗan Zafina, ka kula da su. Ka kula sosai."

Kwana tara tsiron suka yi a ƙasa. Da safe na taka har bayan gidan hayarsa, na tarar da shi a tsugune, raɓa ta daskare ta yi fari fat, tsiron duk sun yi baƙi sun kwanta. Na yi dariya har na riƙe shinge.

Brodie ya leƙo ta tagar motarsa. "Ɗan ayaba, kowa ya san haka za a yi! Har ita."

Ranar ya rubuta mata: "Kin sani, kika bar ni ina yi musu waƙa?"

"Na sani. Kaka ya ɗaure mini baki."

"To ki auri Kakan."

Sati uku ba ta ci abin kirki ba. Ni kuwa na ci nawa na ƙara da nata.

Baje koli na wucewa na dasa nawa. A shekarar na zazzage gwangwanin irin kaf, tsiro ɗari, don ɗan Cairns ya riƙa gani daga titi yana cizon yatsa. Sai Brodie ya zo da furanni zai maye gurbi. Ta kore shi, ya fita a fusace ya bar ƙofar lambu a buɗe. Kafin safiya walabi, ƙananan kangaru masu cin ganye, sun shiga sun aske shi har ƙasa. Ko kara ɗaya ba su bari ba.

Gobarar nan ba ta sa ni zama a ƙasa ba. Ranar na zauna.

Tamsin ta tsaya a kaina, ta miƙo wayarta. Saƙon Rohan ne na shekaranjiya, da hoto.

"Zumata, na kasa yin fushi. Gurgun nan ban dasa shi ba, tausayi ya ba ni. A gaban motata, ta ciki jikin gilashi, yake kwana yake tashi. Ya yi fure."

"Ki ce ya kawo," na ce.

"A'a, Kaka. Ranar Asabar, a kasuwa, da bakinka."

Jinina ce, ba ta da tausayi. Na je. Gari duka yana wurin, har masu sayar da zuma suka bar teburinsu.

"Yaro, ina son tsiron," na ce wa Rohan.

"Wanne, Tsoho? Mai kama da ni?"

Aka fashe da dariya. Tamsin ta ce, "Ba su ji ba, Kaka. Ɗaga murya."

"Na uwata ne," na ce. "Shi kaɗai ya rage. Ina roƙonka."

Dariyar ta mutu. Ya buɗe mota ya ɗauko tukunyar da hannu biyu, amma ba ni ya ba ba. Ita ya ba.

"In yana so, ya biyo ki," in ji shi.

Na bi ta, har cikin coci, a watan Fabrairu. Na sa hannunta a nasa na ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jure sanyi. A wajen liyafa aka yanka tumatirin uwata, kowa ya samu yanki, nawa ya fi ƙanƙanta.

Ina gaya wa mutane ni na zaɓa mata miji, kuma ba wanda ya isa ya musa. Gwangwanin irin dai yana gidansu yanzu. Duk Satumba nakan je neman iri in ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuma sai ya gama shan shayinsa kafin ya buɗe.