Rigar Ulun Da Ta Ɗaura Aure

"Yumma, idan wannan rigar Yaba ce, ya aka yi ta yi mini daidai?"

Malak ce, 'yar shekara huɗu, sanye da rigar ubanta, ta jefo wa uwarta tambayar a gaban baƙi. Sawsan ta sunkuyar da kai tana murmushi.

A bakin tur'ar da ke shayar da gonakin ƙauyensu, kusa da garin Managil na Sudan, ta fara ganin Uwaisu shekarun baya. Atisayen tseren keke yake yi, cikin jar rigar ulu matsattsiya, da hular kwano da baƙin tabarau. Ya kalle ta sau ɗaya, keken ya yi nasa waje.

Soyayya ta kankama, amma mahaifinta, Malam Muntari, ya kafe.

"Wancan mai kama da ɗaurin tsire? Mutumin da ban taɓa ganin idonsa ba? Ba a gidana ba!"

Ana saura kwana biyu tseren keken garin Sinnar, Uwaisu ya ɗaga mata hannu, ya faɗa tur'a. Ta karɓi rigar, ta ce ya bar mata wankin. Ta tafasa ruwa, ta zabga omo, ta cuɗa, ta murɗe da iya ƙarfinta, ta shanya a tsakar rana. Kafin la'asar rigar ta koma ta ƙaramin yaro.

Kunya ta hana ta magana, sai ta aika masa a leda. Widad, maƙwabciyarsa da ta daɗe tana sonsa, ta leƙa ta ce, "Ya salam! Ai saƙo ne. Cewa take ka yi mata ƙanƙanta."

Ya rubuto: "Hasken idona, in korata za ki yi, me rigar ta yi miki?"

Ta amsa: "Wallahi so ne ya yi yawa, habibi. Da ruwan zafi."

Tsere dai ya wuce shi. Ya saka farar jallabiya, ya taho da ƙafa don ya lallashe ta. A ƙofar gida ya tarar da Malam Muntari cikin abokansa, ya durƙusa ya gaishe shi.

Tsohon ya ƙare masa kallo, ya ƙwala kira. "Sawsan! Zo ki ga kamilin yaro. Irin wannan nake so miki, ba wancan mai keken ba. In yana so, na ba shi!"

"Ina so, Baba," in ji Uwaisu da sauri.

"Yaba, ka faɗa a gaban mutane fa," in ji Sawsan.

Sai ranar ɗaurin aure, bayan Fatiha, tsohon ya ga keken a jingine. Ya fashe da dariya, ya sa musu albarka.

Ke kuma 'yar'uwa, kar ki ce za ki gwada. Ulu ruwan sanyi yake so da sabulu mai laushi, a matse a hankali cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa. Sawsan ta samu miji. Ke rigima za ki samu.