Moushumi Biyu, Kwamfuta Ɗaya

Labiba yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya. Tana aji biyar a wata makaranta da ke birnin Rajshahi. Kwamfuta ɗaya ce tak a gidansu, amma mutum uku ke amfani da ita.

Abbu, mahaifinta, yana duba saƙonnin ofis a kanta. Ammu, mahaifiyarta, mai suna Rokeya, tana sayar da achar, wato mangwaron da ake haɗawa da mai da yaji a zuba a kwalba. Ta intanet masu saye suke yi mata magana. Ita kuwa Labiba, aikin makaranta take yi da ita.

Kullum Ammu takan ce, "Labiba, kafin ki taɓa komai, ki fita daga asusuna ki shiga naki."

"To, Ammu," in ji Labiba. Amma sau da yawa a baki kawai take amsawa.

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon karatu a can, Malama Dilruba ta shigo aji da albishir. Za a yi gasar rubutu a kan Kogin Padma. Wanda rubutunsa ya fi kyau shi zai wakilci makaranta a gasar gunduma.

"Kowa ya turo mini nasa ta imel," in ji Malama. "Ranar Alhamis da azahar zan rufe."

Labiba na son rubutu ƙwarai. Amma ranar Talata da yamma abin ya ƙi. Ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa. Ammu ta hau soro don ta juya mangwaron da ta shanya, ta bar kwamfutar a kunne.

Sai ga saƙo ya faɗo. Sunan mai saƙon Moushumi. Hoton fure ne a jikin sunan.

Labiba ta yi murmushi. Moushumi ai babbar ƙawarta ce, kujerarsu ɗaya a aji.

Saƙon ya ce: "Ya ake ciki? Kin gama kuwa? Kin san ranar Alhamis ake buƙata."

Nan take Labiba ta rubuta: "Wane irin gamawa? Ko rabi ban yi ba. Na gaji da abin nan. Wanda na fara ma bai yi kyau ba, na watsar. Idan lokaci ya ƙure zan haɗa duk tarkacen da na samu in miƙa haka nan."

Amsa ta zo da sauri: "Me kika ce?"

Labiba ta yi dariya. Ta rubuta: "Ke dai kin cika surutu. Ki ji da naki mana!"

Ta rufe shafin, ta koma kan rubutunta. Cikin ikon Allah wannan karon abin ya zo mata. Ta rubuta yadda kogin ke cika da damina, da yadda masunta ke gyaran koma a bakin gaɓa. Kafin magariba ta gama, ta tura wa Malama, ta tashi tana tsalle.

Washegari Malama Dilruba ta karanto sunayen waɗanda suka turo. Ta kira mutum goma sha bakwai. Ba ta kira Labiba ba.

Labiba ta ɗaga hannu. "Malama, kin tsallake ni."

Malama ta sake duba takardarta. "Ban ga naki ba."

"Na turo jiya, Malama!"

"To ina ya shiga? Babu wani saƙo mai sunanki a wurina. Kin tabbata kin danna turawa?"

Labiba ta tabbata. Amma da ta ga idanun 'yan aji a kanta, sai ta fara shakka. Ta sauke hannunta.

Da aka fita tara ta sami ƙawarta. "Ke kuma jiya me ya sa kika yi shiru? Fushi kika yi don na ce kin cika surutu?"

Moushumi ta buɗe baki. "Yaushe kika ce mini haka?"

"Jiya mana, da kika turo mini saƙo."

"Ni? Jiya muna gidan kakata tun rana. Ko waya ban taɓa ba."

"Daina wasa."

"Wallahi da gaske nake. Ko mafarki kika yi?"

Labiba ta tsaya tana tunani. Rubutun da ta tura bai isa ba. Ƙawar da ta yi hira da ita ta ce ba ita ba ce. To da wa ta yi magana?

Da ta koma gida ta tarar da wani rikicin. Ammu na zaune a ƙasa, kwalaben achar talatin jere a gabanta, duk an cika an rufe. Ta zuba tagumi. Dadi, kakar Labiba, tana gefe tana yin fifita.

"Ammu, lafiya?"

"Ina fa lafiya," in ji Ammu. "Matar da ta sa na yi mata achar na bikin 'yarta ta kira ni. Ta ce ta fasa. Wai na ce mata ko rabi ban yi ba. Wai na ce zan haɗa mata tarkace. Har wai na ce ta cika surutu!"

"Ke da ko kaza ba kya iya yi wa tsawa," in ji Dadi.

"Na rantse mata ban faɗa ba. Ta ce ga shi a rubuce da sunana. Na duba, Dadi, ga shi nan kuwa! Sati biyu ina wannan aiki."

Labiba ta matso kusa. A hankali ta ce, "Ammu, yaya sunan matar?"

"Moushumi Begum."

Nan take Labiba ta gane abin da ya faru. Ta so ta yi magana, amma ta ga idon Ammu ya yi ja. Sai ta sulale ɗaki, ta ajiye jaka, ta zauna a bakin gado.

Da Abbu ya dawo daga aiki, aka gaya masa. Ya duba saƙonnin, ya dafe kai.

"Ɓarayin intanet ne," in ji shi. "Sun shiga asusunki."

"To me suka sata?" in ji Ammu.

"Ba su saci komai ba tukuna."

"Ɓarawon da ya shigo don kawai ya zagi mai biki?" in ji Dadi. "Ni ban taɓa jin irinsa ba. Ko dai maƙwabciyar nan ce mai yin achar ɗin lemo? Na daɗe ina ganin yadda take leƙen soronmu."

"Dadi, kada mu ɗauki alhakin mutane," in ji Ammu.

Abbu ya ƙara dubawa. "Ga wani abin mamakin kuma. An tura wa wata Dilruba takarda daga imel ɗinki. Wace ce Dilruba?"

Ammu ta ce, "Ban san ta ba. Ni Dilruba ɗaya na sani, kuma ta koma garin Khulna tun bara."

Aka zuba abinci, shinkafa da miyar waken da suke kira dal da soyayyen kifi. Labiba ta kasa ci. Sai juya shinkafar take yi da yatsa.

Abbu ya wanke hannu ya ce, "Shi ke nan. Yanzu zan kai kwamfutar kasuwa a goge komai da ke cikinta. Mu huta."

A goge komai! Rubutunta na ciki. Kuma ga maƙwabciya ana zarginta a banza. Labiba ta fashe da kuka.

"Abbu, ba ɓarawo ba ne. Ni ce."

Kowa ya juyo. Cikin kuka ta ba su labari tun daga farko. Ta ce ba ta fita daga asusun Ammu ba. Ta ce ta ɗauka ƙawarta ce ke tambayar rubutun gasa. Dilruba kuma malamarsu ce.

Can sai Dadi ta ce, "Tsaya. Wato Moushumi biyu ce?"

"Biyu ce, Dadi."

"Tarkacen kuma na rubutu ne, ba na mangwaro ba?"

"Na rubutu ne."

Dadi ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Abbu ma ya juya baya yana tari. Ammu ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Kuskuren bai ɓata mini rai kamar shirunki ba," in ji ta. "Tun da rana kin sani, kika bar ni ina ta zulumi."

"Ki yi haƙuri, Ammu. Tsoro na ji."

Ammu ta jawo ta jikinta. "Na haƙura. Amma ke za ki je ki yi wa matar bayani da bakinki."

Da la'asar suka hau riksho, wato keken haya, Labiba na rungume da kwalba ɗaya. Moushumi Begum ta buɗe ƙofa fuskarta a ɗaure. Babbar mace ce mai tabarau, ko kusa ba ta yi kama da 'yar aji biyar ba.

Labiba ta gaishe ta. "Anti, ni na rubuto miki saƙon nan, ba Ammu ba. Na ɗauka ƙawata ce. Sunanku ɗaya."

Matar ta zare tabarau. "Ke ce kika ce na cika surutu?"

Labiba ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Anti."

Matar ta dube ta, ta dubi Ammu, sai ta tuntsire da dariya. "Ai mijina ma da ya karanta cewa ya yi gaskiya aka gaya mini! Ku shigo, ku shigo."

Ta buɗe kwalbar, ta ɗanɗana, ta lumshe ido. "Gobe da safe a kawo mini duka talatin ɗin."

A hanyar dawowa suka biya gidan Khala Sumona, ƙanwar Ammu, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a. Da ta ji labari sai ta biyo su gida.

"Apu, ai ba laifin Labiba ba ne ita kaɗai," ta ce wa Ammu, don haka take kiran yayar tata. "Mutum uku a taga ɗaya, dole a yi karo. Bari in raba muku."

Ta buɗe burauza, wato manhajar da suke shiga intanet da ita. Ta danna wani ɗan hoto a saman kusurwa.

"Wannan shi ake kira furofayil. Kowa zai sami nasa. Asusunki da saƙonninki suna cikin naki, na Abbu suna cikin nasa. Ba sa haɗuwa."

"Wato kwamfuta uku za mu saya?" in ji Dadi.

"A'a, Dadi. Kwamfuta ɗaya, furofayil uku."

"To ukun a ina za su zauna?"

"A cikin ɗayar."

Dadi ta girgiza kai. "Ni dai kun ƙara rikita ni."

Khala ta sa wa na Ammu launin rawaya da hoton mangwaro. Na Abbu shuɗi. Labiba ta zaɓi kore da hoton kyanwa.

"Amma Labiba, ki sani," in ji Khala, "furofayil ba ya kulle kansa. Idan Ammu ta bar nata a buɗe, ba ki da hurumin taɓawa. Ki dubi launi, ki dubi suna. Idan ba kore ba ne, ba naki ba ne."

Labiba ta shiga koren. Ta karanta sunanta sau biyu. Sannan ta sake tura rubutunta.

Ranar Alhamis da safe Malama Dilruba ta kira ta. "Na ga naki yanzu. Ashe tun Talata ya iso. Da na ga an rubuta 'Achar na Rokeya' sai na ɗauka talla ce, ban ko buɗe ba."

Bayan mako guda aka faɗi sakamako a filin makaranta. Rubutun Labiba ne ya zo na ɗaya. Ta ruga gida da takardar a hannu, tana kiran Ammu tun daga bakin ƙofa.

Daga ranar Labiba ta riƙe abu biyu. Ba ta rubuta komai sai ta duba da sunan wa take magana, kuma da wa take yi. Idan kuma ta yi kuskure, ba ta jira a nemi mai laifi. Da kanta take zuwa ta faɗa, tun abin bai yi nisa ba.