Wa Ya Ɗauke Muryar Jauro Bello?

Bayan sallar isha'i, mutanen layin masu gyaran waya a Tambuwal suka ji wani irin gurnani yana fitowa daga shagon Shafi'u mai kwamfuta. Ya fi kama da buzuzun da aka rufe cikin ƙwarya: ya yi zuuu, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake. Sajan Na'Allah, ɗan sandan da ke shan shayi a bakin titi, ya ajiye kofinsa ya leƙa.

Ya tarar da Shafi'u yana zufa, ga wani dogon Bafulatani tsaye da sanda, yana kallon kwamfutar kamar zai rafke ta.

"Yallaɓai, gara da kaz zo," in ji Bafulatanin. "Akwatin ga ya cinye muryar ubana."

Sunansa Dikko, rugarsu tana bayan Kebbe. Mahaifinsa, Jauro Bello, ya rasu da damina. Akwai wata tsohuwar saniya, Amare, wadda garken duka ke bi, ita kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa tashi doguwar tafiya ba sai Jauro ya rera mata kirari. Yanzu an yi girbi, tafkin da suke sha ya kusa zama taɓo, lokacin tafiya kudu ya yi, Amare ta kwanta ta ƙi tashi. An ja ta, an lallashe ta da gishiri, Dikko ya kwaikwayi muryar tsohon har ta dishe. Ta dube shi kawai, ta ci gaba da tuƙa. Abin da ya rage shi ne faifan sidi guda, wanda wani ɗan makaranta ya ɗauki kirarin a kai shekarun baya. Dikko ya kawo shi a juye a waya, a kunna wa saniyar.

"Ni ban ci komi ba," in ji Shafi'u. "Na buɗe tsumman, na sa faifai, inji yak kama kuka."

"To ko injin ne ba lafiya?" Sajan ya tambaya.

"A gwada shi, Yallaɓai. Shi ma a yi mai tambayoyi."

Aka fara da injin. Shafi'u ya danna, ɗan tiren ya turo kamar harshen yaro gaban likita. Ya ɗora faifan wa'azi, aka ji malam tsaf har da gyaran murya. Ya ɗora na kiɗan biki mai ƙarce-ƙarce, ya yi shaƙuwa sau biyu ya wuce. Ya ɗora wani da ya ce akuya ta taɓa lasa, shi ma ya karantu. Da aka mayar da na Dikko, sai gurnanin ya dawo.

"Inji ya fita," in ji Sajan.

Ya ɗaga faifan saitin ƙwan lantarki. Haske ya riƙa ratsa shi kamar rariya. Bayansa ya koɗe. A gefe akwai 'yar huda mai baƙin ƙuna, da wani farin ɗigo da ya bushe. Sajan ya kankara da farce, ya sunsuna.

"Malam Dikko, tsuntsu na kwana cikin tsummanka?"

"Subhanallahi! Wanga ba nawa ba ne. Nawa, in ka duba shi, haƙoranka kaka gani."

An sauya faifan ke nan. Sajan ya bincike shagon kaf, bai ga wani da rana ta ci haka ba, bai kuma ga abin da Shafi'u zai yi da kirarin saniya ba.

Da safe aka kira Na'iya, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko Dikko daga Kebbe. Tun kafin ya kashe babur Sajan ya hango faifai ɗaure a goshin mashin ɗin, yana ƙyalli.

"Wancan fa?"

"Ado ne, Yallaɓai. Kowa na sawa."

"Kwance shi."

Aka ɗora shi a inji. Dikko ya tuɓe hula don girmama mahaifinsa. Sai muryar wata mace ta cika shagon, tana waƙar soyayya da harshen da ba wanda ya sani. Dikko ya mayar da hularsa.

"Ai da kun tambaye ni," in ji Na'iya. "Abin ga cikin hulatai ya sa shi, ya naɗe da rawani, ya rungume cikina da hannu biyu tun daga Kebbe. Ni numfashi nika nema, ba faifai ba."

Shi ma ya fita. Sajan ya sa faifan banzan a aljihu, Dikko ya hau bayan Na'iya, shi ya bi su da nasa babur, suka nufi Kebbe, hanya tana jijjiga musu hanji.

Rugar tana cikin gonar wani manomi, Baba Uthman, wanda ya gayyaci Dikko ya sauka bayan girbi, kamar yadda aka saba, shanu su ci kara su bar taki. Amare tana kwance a tsakiya, da idanu irin na mai jiran baƙo. Sajan ya daɗe yana kallonta, don yana ganin dabbobi sun san wani abu da suka yi shawarar ba za su faɗa ba. Sannan ya je wurin Rumasa'u, matar Dikko.

"Uwargida, ina ake ajiye faifan?"

"Cikin ƙwaryar ƙasa, ƙarƙashin sauran."

"Kina son tafiyar nan?"

"Ni? Na ɗaure kayana har na kwance don in sami cokali. Dubi ruwan da muka sha." Ta nuna masa wani abu mai kalar kunun kanwa.

"Wa ya taɓa shi ban da ku?"

"Ba kowa. Sai Baba Uthman, ran da ya ji za a kai shi birni. Ya ce a ba shi ya kai gida ya tofa addu'a, ya maido da yamma. Mutumin kirki. Kullum sai ya zo gai da Amare."

"Ita yake gaidawa?"

"Har dussa shika kawo mata."

Sajan ya taka gonar. Ba zangarniya ko ɗaya, an kwashe dawar tuni. Amma a can ƙarshe, an ja igiya tsakanin sanduna, faya-fayen korar tsuntsu suna lilo. Duk sun koɗe, ban da ɗaya da ke jefa haske har cikin ido.

Baba Uthman ya iso da sauri, carbi a hannu.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. A kawo ruwa?"

"Na ga ruwan, Baba, na gode. Me tsuntsu ke ci a gonar da aka girbe?"

"Jan baki ba ya da kunya. Ko kara ya gani sai ya sauka."

Sajan ya ciro faifan aljihunsa, ya jera shi da na kan igiya. Huda iri ɗaya, ƙunar ƙusa iri ɗaya. Jama'a sun fara taruwa.

"Ga yadda abin yake," in ji shi. "Faifan da aka kai Tambuwal ya sha rana, ya sha kashin tsuntsu, to daga gona ya fito. Shafi'u ba shi da gona, Na'iya ba shi da hannu na uku, matar gida ta ƙosa a tafi. Na tambayi kaina, wa ke cin riba in saniya ta ƙi tashi? Mai gonar da shanu ke kwana a kanta. Ka ɗauki na Jauro, ka naɗe musu tsohon naka. Ka ji tsoron jefar da muryar mamaci, sai ka ɓoye ta cikin 'yan'uwanta."

Baba Uthman ya dubi ƙasa, wadda ta yi baƙi ƙirin da taki, kamar mai bankwana da ɗa.

"Yallaɓai, ƙasar ga ta gaji. Cewa na yi su ƙara wata guda. Ban yi niyyar..."

"Ka huda shi!" Dikko ya ƙwala ihu. "Ka huda ubana da ƙusa!"

Sai da mutum uku suka riƙe sandar.

Aka kwance faifan mai ƙyalli, aka koma Tambuwal da shi. Shafi'u ya goge shi da auduga, daga tsakiya zuwa gefe, ya dubi hudar.

"Baffa, ka ga yadda mata ka saƙa faifan kaba? Daga cibiya suka farawa. Shi ma wanga haka aka rubuta shi. In kirarin ba shi da tsawo, bai kai bakin ba."

Tiren ya shige. Inji ya yi zuuu, ya yi tari ɗaya. Sai ga iska, ga kukan maraƙi daga nesa, sannan wata tsohuwar murya ta ɗaga da Fulatanci. Dikko ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da rawani. Kirarin ya ƙare lafiya kafin a kai ga hudar.

Dikko ya ce ba ya son a kai tsoho kotu, amma baɗi gonar maƙwabcinsa zai sauka. Baba Uthman ya ce da an kai shi kotun ya fi sauƙi.

Washegari aka ɗaure wayar a kan sanda, Dikko ya ɗaga ta, ya kunna. Amare ta daina tuƙa. Ta miƙe da ƙyar, ƙafafun baya tukuna, ta yi wani kuka mai tsawo, ta bi sandar. Garken ya bi ta. Tana tafe tana waige hagu da dama, tana leƙa bayan kowace bishiya.

Wata tsohuwa maƙwabciyar gonar, da ta fito kallo da tsintsiya a hannu, ta dubi Sajan, ta dubi Rumasa'u.

"Wai ni kam," in ji ta, "ita saniyar an gaya mata ya rasu?"